Garin da ba ya cutar da ciki

Ƴan'uwa, akwai mutanen da cikinsu ba ya karɓar alkama. In sun ci burodi, taliya ko fanke, sai zawo, kumburin ciki da rama su biyo baya. Dalili shi ne wani sinadari mai suna gulutan da ke cikin alkama. Wasunsu ma nono ko gyaɗa na tayar musu da ciwo.

Maganin yana cikin rumbunmu. Gero, dawa, masara da wake da muke nomawa a Tibiri da Jiratawa ba su da gulutan. Haka shinkafa da rogo.

Amma haɗarin yana wurin niƙa. Injin unguwa, a Zariya ko a ko'ina cikin Maraɗi, yakan niƙa alkama kafin geronmu, sai gari ya gauraya. Saboda haka:

1. Mu daka wa maras lafiya a turmi mai tsabta.
2. Mu tambayi mai ɗanwake ko ta sa garin alkama.
3. Mu gwada sabon gari ɗaya-ɗaya, don mu gane wanda bai karɓe shi ba.

Kafin a daina cin alkama, a je asibiti, domin awo ba ya nuna cutar sosai in an riga an daina.