Haruffan ado

Haruffan littafi ƙanana ne, don a kusa a ke karanta su. Na allon shago manya ne, masu kauri, don a hange su daga nesa.

Da can, da darma a ke zuba haruffan ɗab'i. Amma babban harafin darma ya na da nauyi da tsada. Wajen shekara ta 1828, wani Ba'amurke, Darius Wells, ya shiga sassaƙa su da katako. Daga baya aka riƙa yi musu inuwa da furanni. Irin adon nan masu fenti ke yi a jikin manyan motoci.

Sai dai kada ado ya cinye ƙugiyar harafi. In ta ɓace, ƙafa ta zama kafa, baƙi ya zama baki.

Tambayoyi
1. Don me aka koma ga katako?
2. Ku kawo kalmomi uku masu ɗ.