In Tayar Amalanken Jirgi Ta Sace

A ce ka ɗora jirgin ruwa bisa amalanke, mota tana jansa daga Anka zuwa Gummi, bakin gulbin Zamfara. Kana cikin ƙasar Bukkuyum sai taya ta sace. To, yaya za ka yi?

Ratse gefen hanya inda ƙasa ke da tauri, ka ja birki. Kada ka raba amalanke da mota, domin ita ce ke riƙe da shi. Tokare ɗaya tayar da duwatsu, gaba da baya.

Ga inda mutane da yawa ke kuskure. Sassauta notuna tun taya tana ƙasa, sa'an nan ka ɗaga. In ka ɗaga tukuna, taya sai ta yi ta juyawa, jirgi yana rawa a kanka. Da damina kuwa sa katako ƙarƙashin jak, gama laka takan haɗiye shi. Kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashi.

In ka sa safaya, ɗaura noti ɗaya, ka bi da wanda ke fuskantarsa ta ɗaya gefen. Sauke, ka ƙara tamkewa. Bayan mil goma tsaya ka sake taɓa su, ka duba igiyoyin jirgi.