Mutum Huɗu da Tabarma Ɗaya

Karatu: Markus 2:1-12
Ayar haddacewa: Galatiyawa 6:2

Ranar da gida ya cika maƙil a Kafarnahum, akwai wani mutum da ba zai iya kai kansa wurin Yesu ba, domin shanyayye ne. Mutum huɗu suka ɗauko shi. Da suka ga ƙofa ba ta shiguwa, sai suka hau kan rufi, suka buɗe shi, suka zura shi ƙasa da tabarmarsa. Markus ya nuna mana cewa bangaskiyarsu ce Yesu ya duba. Na sha karanta wannan labari, amma ban san nauyinsa ba sai da ni ma na kwanta a kan tabarmar.

Shaidata

Ina wanka wata rana na ji ƙullutu a nonona na hagu. Ba ya zafi, shi ya sa na yi wata uku ina shafa masa mai ina addu'a, ban gaya wa ko maigidana ba. Daga baya na koyi cewa sankarar mama sau da yawa haka take farawa, ba zafi, kuma ita ce ciwon dajin da ya fi kama mata a Najeriya. Da aka ɗebi ɗan nama aka gwada, likita ya tabbatar. Aka yi mini tiyata, sa'an nan aka shiga ba ni kemo kowane mako uku. Gashina ya zube, amai ya hana ni sakat, abinci ya daina daɗi a bakina. Akwai ranakun da na buɗe baki zan yi addu'a, kuka kaɗai ya fito.

A waɗannan ranaku ne na ga masu riƙe da tabarmata. Wata 'yar'uwa daga zumuntar mata takan tashi da asuba ta raka ni Zariya, ta bi mini layin kati. Da jinina ya yi ƙasa, matasa biyu daga ƙungiyar mawaƙa suka je suka ba da nasu. Maƙwabciyata Musulma ta riƙa dama mini kunun gyaɗa, tana kai yarana makaranta tare da nata. Wata dattijuwa kuma ba ta da kuɗin da za ta kawo, sai dai ta zo ta zauna kusa da gadona tana yi mini fifita. Har yanzu ina zuwa asibiti ana duba ni, ban kuwa san abin da gobe za ta kawo ba. Abin da na sani shi ne, Allah bai bar ni ni kaɗai ba.

1. Ka yarda a ɗauke ka

Shanyayyen nan bai ce kunya ta hana a ratsa gari da shi a kan tabarma ba. Mu kuwa mukan ɓoye ciwo don kada a ce bangaskiyarmu ta yi sanyi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata ukun da na yi shiru, ciwon bai tsaya jirana ba. Idan kin ji ƙullutu, ko kin ga jini yana fita ba lokacinsa ba, ko ka ga gyambon da ya ƙi warkewa, a je asibiti da wuri, a kuma gaya wa wani amintacce. Ciwon da aka gano da wuri ya fi jin magani.

2. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne

Wani ɗan'uwa ya ce mini in daina kemo in nuna wa Allah na dogara gare shi. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma da na bi shawararsa, da wataƙila ba ni ce ke rubuta muku wannan ba. Mun gaskata Yesu yana warkarwa har yau. Amma duba 2 Sarakuna 20: Allah ya ji kukan Sarki Hezekiya ya ƙara masa shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Luka ma, abokin tafiyar Bulus, likita ne. Ka ɗibiya wa marar lafiya hannu, ka kuma tuna masa da ranar ganin likita.

3. Ka kula da bakinka a gefen gado

Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana 7 ba su ce uffan ba, ta'aziyyarsu kuwa ta yi kyau. Da suka fara neman zunubin da ya jawo masa wahala, sai suka ƙara masa ciwo. Kada ka tambayi mai ciwon daji laifin da ya yi, kada ka kawo masa labarin wanda ciwon ya kashe. Ciwon daji ba a ɗaukarsa ta musafaha ko cin abinci a kwano ɗaya, don haka ka matso kusa. Maimakon ka ce "in akwai wani abu ki faɗa," ka ce "gobe zan zo in ɗebo miki ruwa." Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi don tattaunawa

a. Wa ya riƙe tabarmarka a lokacin da ka kāsa? Ka taɓa yi masa godiya baki da baki?
b. Wane ne a ikkilisiyarmu aka daina gani a sujada saboda rashin lafiya? Wace kusurwa ta tabarmarsa za ka kama a wannan mako?

Addu'a

Ya Uba, mun gode maka domin hannuwan da ka aiko suka ɗauke mu. Ka taɓa 'yan'uwanmu masu fama da ciwon daji, ka ba likitoci hikima, ka ƙarfafa masu jinya. Ka sa mu zama masu kai wasu gabanka. Cikin sunan Yesu, Amin.