Shawara ga masu kamfanonin buga littattafai a Filifin

Editan da ya kwana yana gyaran littafin makaranta, da safe kuma ya maƙale a cunkoson titin EDSA na Manila, mutum ne, yana gajiya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2018, mai lamba 11036, ta ɗora muku nauyin kula da shi. Umarnin ma'aikatar ƙwadago na 2020 ya wajabta wa kamfanoni tsara shirin hakan.

Ku rarraba aiki tun kafin bajekolin littattafai na Manila ya matso, kada ya taru a kan mutum ɗaya. Ku samar da ƙwararren mai ba da shawara wanda zai riƙe sirri. Wanda ya ce damuwa ta yi masa yawa, ku ba shi hutu ba tare da gori ba. Rigakafi ya fi magani.