TAFIN KOFATON DOKI: YADDA A KE ƘARA MASA KAURI

Wannan takarda zuwa ga manoma masu dawaki, da dagatai, da masu unguwanni. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, tun ba yaran barga ba, gama a hannunsu doki ya ke kwana ya ke tashi.

Sau da yawa mutum ya kan sayi doki mai kyaun ƙira, ya ciyad da shi har ya yi sheƙi. Ran da ya hau shi zuwa kasuwa ko gaisuwar hakimi, muddin suna cikin rairayi lafiya lau, amma da sun hau hanyar burji sai doki ya soma taka ƙasa kamar mai tafiya cikin ƙaya. Mai shi ya ce ƙyuya ce, ya sa masa bulala da ƙaimi. Alhali kuwa dabbar nan zafi ta ke ji, domin tafin kofatonta ba shi da kauri. In ba a lura ba, dokin da aka zuba wa dukiya sai ya gurgunce a turke, ba hawa, ba sayarwa.

1. YADDA KOFATO YA KE

Ku ɗaga ƙafar doki ku dubi ƙarƙashinta, za ku ga abu uku. Na fari shi ne bango, watau ƙaho mai tauri da ya kewaye kofato. Na biyu wani ɗan tudu ne mai taushi a tsakiya ta wajen diddige, mai siffar bakin mashi. Na uku shi ne filin da ke tsakanin bango da tudun nan, shi mu ke kira tafi. Tafi mai lafiya ya kan ɗan lotsa ciki kamar ƙwarya, don kada nauyin doki duka ya sauka a kansa.

A cikin kofato akwai ƙashi ɗaya mai kaifin baki. Tsakanin ƙashin nan da tafi akwai tsoka mai rai, cike da jijiyoyin jini, daga gare ta tafi ya ke tsirowa. Tafi shi ne garkuwarta. Likitocin dabbobi su kan auna shi da hoton ƙashi. Su kan so su tarar da wajen milimita 15 daga bakin ƙashin zuwa ƙasan tafi, watau ya ɗara rabin inci kaɗan. In ya kasa milimita 10, to, kowace tsakuwa da doki ya taka tana matsa tsokar nan a jikin ƙashi, jini ya taru, zafi ya tashi.

Ku riƙe wannan kuma: kofato ba ya girma da sauri. Bango ya kan sauko milimita 6 zuwa 10 a wata, sai ya yi wata 9 ko 12 kafin sabo ya sauko daga gindin gashi zuwa ƙasa. Saboda haka gyaran kofato aikin watanni ne.

2. ALAMUN TAFI MARAR KAURI

Doki ya kan gajarta taku a kan fako, da marmara, da tsakuwa, ya riƙa ratsewa gefen hanya yana neman wuri mai taushi. In an goge tafin, sai a gan shi shimfiɗe ba lotsawa, wani lokaci da tabo ja ko ruwan hoda inda jini ya kwanta. In kun danna shi da babban yatsa da ƙarfi, sai ku ji ya ɗan motsa, doki ya janye ƙafa. Tafi mai kauri ba ya motsi a ƙarƙashin yatsa. Wata alama kuma, dokin da ke ɗingishi kwana biyu ko uku duk sa'ad da aka gyara masa kofato, wuƙa ce ta yi masa yawa.

3. ABIN DA KE KAWO SHI

Wuƙa. Ita ce babbar mai laifi. Waɗansu masu gyara su kan fere tafi har ya yi fari sumul, don mai doki ya ga an yi aiki. Abin da suka fere a ɗan lokaci, sai an yi watanni kafin ya komo.

Laima. Ƙahon kofato yana shan ruwa. Dokin da ke tsaye cikin taɓo da fitsari da kashi, musamman da damina, tafinsa ya kan yi taushi, ya riƙa cinyewa fiye da yadda ya ke tsirowa. Fitsari kuwa cin ƙaho ya ke yi.

Hanya mai kaushi. Yawancin dawakinmu ba takalmi su ke tafiya ba. Dokin da ya saba da jigawa, in aka kama tafiya da shi kullum a kan burji ko kwalta, ƙasa za ta goge kofaton kamar magagari.

Doguwar gaba. In an bar gaban kofato ya yi tsawo, diddige ya kwanta, tafi ya kan miƙe gaba ya baje, kaurinsa ya ragu.

Abinci. Ƙaho daga abinci a ke gina shi. Dokin da ya ci rani a kan busasshen kara da dusa kaɗai, ko wanda tsutsar ciki ta cinye, ba zai fid da kofato nagari ba.

Yawan hatsi da ƙiba. Wannan shi ne mafi haɗari. In doki ya ci dawa ko gero fiye da kima, ko ya yi ƙiba ainun ba aiki, kamar yadda a kan tsare waɗansu a turke sai hawan Salla, naman da ke riƙe da ƙashi a jikin bango ya kan kumbura ya saki. Sa'an nan ƙashin ya sunkuyo ya danne tafi daga ciki, tafi ya baje, har ya kan turo waje.

Gado. Wani doki haka aka haife shi. Dawakin sukuwa na asalin Ingila an san su da faffaɗan tafi marar kauri. Namu na gida sun fi su taurin kofato, amma a cikinsu ma a kan samu. Irin wannan ba ya canzawa sarai, sai dai a lallaɓa shi.

4. YADDA A KE GYARA

Na fari, a janye wuƙa daga tafi. A sa tsinke marar kaifi a fid da ƙasa da tsakuwa safe da yamma. Ɓawon da ya mutu zai faɗi da kansa, wanda ya riga ya ɓanɓaro ne kaɗai za a cire. Kanta mai tauri da ke bayan bango ta wajen gaba, kada a taɓa ta, a nan bakin ƙashi ya ke. Bango kaɗai za a rage, kaɗan kaɗan, bayan kowane mako 4 zuwa 6. A gajarta gaban da magagari ta fuskar waje, a kashe kaifin bakin don kada ya tsage, a bar bangon ya ɗara tafi da ɗan kaɗan.

Na biyu, a gyara makwanci. A yi turke a kan tudu, a zuba rairayi mai tsabta, a ɗan karkata daɓen don fitsari ya gangare. A kwashe kashi sau biyu a rana, a kai gona, ga taki. Da damina a yi rumfa, in wurin ya caɓe a canza turke. Kada a bar doki ya daɗe tsaye cikin fadama ko bakin rafi bayan ya sha ruwa.

Na uku, a kāre tafin har ya tsiro. Tafin da ke shan duka kullum jininsa ba ya gudana sosai, ba ya kuwa ƙaruwa. A sa baduku ya ɗinka wa doki takalmin fata mai kauri, a ɗaura sa'ad da za a bi hanya mai tsakuwa, a kwance da an komo gida don ƙafa ta sha iska. A birane a kan sami na roba da aka yi musamman domin dawaki. In za a buga takalmin ƙarfe, sai a nemi gwani, ya zaunad da ƙarfen a kan bango kaɗai, kada ya danne tafi.

Na huɗu, abinci. Ciyawa da harawa su ne tushe. Doki yana bukatar wajen kashi 2 cikin 100 na nauyinsa na busasshen abinci kowace rana, watau mai nauyin kilo 300 zai ci wajen kilo 6, mafi yawansa kuwa ciyawa da harawa. Harawar gyaɗa da ta wake suna da abin gina jiki da sinadarin ƙashi, saboda haka ku adana su a kan rumfa tun da kaka, kada ruwa ya taɓa su. Hatsi gwargwadon aiki, a raba shi sau biyu ko uku, kada a juye shi gaba ɗaya. Dusa kada ta zama ita ce abincin, gama yawanta ba harawa yana raunana ƙashi. Duk abin da ya yi fumfuna a zubar. A ba shi gishiri cokali ɗaya ko biyu a rana, ko da ana ba shi kanwa, da ruwa mai tsabta isasshe. Maganin tsutsa kuwa a nemi shawarar malamin dabbobi.

Akwai wani sinadarin abinci da a ke kira bayotin. A shekarar 1995 aka buga labarin gwajin da aka yi da shi a kan ingarmun dawaki na makarantar hawa ta birnin Biyana, a ƙasar Ostiriya. Aka riƙa ba su miligiram 20 kowace rana, sai da aka yi wajen wata 9 kāna aka ga ƙahon kofatonsu ya ƙara inganci. Yana taimako, amma ba ya gyara abin da wuƙa da taɓo su ke ɓatawa kullum.

Na biyar, motsi. Tafiya ita ke kora jini cikin kofato. Dokin da ba ya ɗingishi a riƙa jansa kowace rana a kan ƙasa mai taushi. In tafin ya soma ƙarfi, a riƙa saba masa da ƙasa mai tauri sannu sannu.

5. ABIN DA BA A YI

Kada a ƙona tafi da ƙarfe mai zafi wai don ya yi tauri. Zafin ya kan ratsa tafi marar kauri ya dafa tsokar ciki. Kada a shafa masa baƙin man mota. Man shanu da man kaɗe taushi su ke ƙara masa, shi kuwa ba taushi ya ke nema ba. Ruwan aidin, in an ɗan shafa sau biyu a mako, yana busad da tafi ya tsabtace shi, amma ba ya ƙara kauri ko kaɗan. Kauri daga ciki ya ke fitowa.

6. LOKACIN KIRAN LIKITA

Hausawa sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tafin da ya ƙuje, nan ƙazanta ke shiga ta tara mugunya. Alamarta, doki ya wayi gari ba ya iya taka ƙafa ɗaya, kofaton da zafi, jijiyar da ke bayan idon sawu tana bugawa da ƙarfi. A tsoma ƙafar cikin ruwan ɗumi da gishiri, a naɗe ta da tsumma mai tsabta, a kira likita ya buɗe wa mugunyar 'yar ƙofa. Kada ku haƙa da kanku. Ku roƙe shi allurar rigakafin cutar nan mai sandare jiki da ƙulle muƙamuƙi, gama doki yana saurin kamuwa da ita ta raunin kofato, kaɗan ne kuwa ke tashi.

In kuwa kun ga doki ya miƙa ƙafafun gaba, ya koma da nauyinsa baya, ya ƙi motsi, ƙafa biyu duka da zafi, to, ciwon hatsin nan ne. A ɗauke masa hatsi nan take, a tsai da shi a kan rairayi mai zurfi, a riƙa sanyaya ƙafafun da ruwa mai sanyi, kada a tilasta masa tafiya. A aika wa likita ran nan, kada a kwana.

7. GA DAGATAI DA MASU UNGUWANNI

Ku ne mutane ke koyi da ku. Ku fara da bargarku. Ku tara masu gyaran kofato na ƙasarku ku karanta musu wannan takarda, ku gaya musu ba yawan abin da aka fere ne gwaninta ba. Mai son hawan Salla ya duba kofaton dokinsa tun da sauran wata 6, kada ya bari sai jajibere ya kira mai wuƙa. Mai sayen doki kuma, kafin ya dubi sirdi da linzami, ya ɗaga ƙafa huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya danna tafi, ya sa a ja dokin a kan fako yana kallo. Ingarma ko goɗiya mai wannan aibi na gado, gara kada a nemi iri daga gare su.

Wanda ya bi waɗannan ka'idodi, cikin wata 3 ko 4 ya kan ga tafi ya soma lotsawa, taku ya soma sakewa. Cikar gyara sai shekara ta kewayo. Allah ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu, amin.