JIJIYAR JI: YADDA TA KE AIKI CIKIN SHIRU DA CIKIN HAYANIYA

Sau da yawa Hakimi ya kan ga dattijo yana jin magana sarai a zaure, amma in aka shiga kasuwa ko taron suna sai ya yi ta cewa, "Na'am?" Mutane su kan ce taurin kai ne. To, ba haka ba ne, ga dalili.

In sauti ya shiga kunne, sai ya kaɗa wata 'yar fata mai kama da fatar ganga. Ƙananan ƙasusuwa uku su kai motsin can ciki, zuwa wani abu mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙwayoyi masu gashi wajen 3,500 waɗanda ke mayar da motsin nan ya zama saƙo. Daga nan jijiyar ji ta ɗauka ta kai ƙwaƙwalwa. Jijiyan nan kuwa ba ɗaya ba ce tilo, zaruruwa ne wajen 30,000 a kowane kunne, a murɗe kamar igiya.

Zaruruwan nan ba aikinsu ɗaya ba. Waɗansu ko raɗa aka yi sun ɗauka, su ne masu aiki cikin shiru. Amma da hayaniya ta tashi sai su cika, kamar tulun da ya batse, ba sa iya karɓar ƙari. Waɗansu kuwa ba sa motsi sai ƙara ta yi ƙarfi. Su ne ke taimakon mutum ya tsinci muryar abokin maganarsa a tsakiyar kasuwa.

A shekarar 2009 waɗansu masana biyu a Amurka, Sharon Kujawa da Charles Liberman, suka sa ɓeraye cikin ƙara mai tsanani har awa 2. Bayan mako biyu ɓerayen suka koma jin ƙaramin sauti kamar da, amma a wani sashe na kunnensu wajen rabin mahaɗan jijiyar sun lalace. Watau kunne ya kan yi asara ba tare da mai shi ya sani ba.

Saboda haka ana roƙon Hakimai da malamansu su lura da waɗannan:

1. In za a saurari ƙara ko a yi sulhu, a nemi wuri nesa da injin niƙa da maƙera, a yi magana ɗaya bayan ɗaya.
2. Malami in zai karanta wa dattijo takarda, ya fuskance shi, ya karanta a hankali ba da ihu ba, sa'an nan ya sa shi ya maimaita kafin ya dangwala hannu.
3. A gargaɗi masu injin niƙa su riƙa toshe kunnuwa, kada kuma su bar yara su yini a gindin inji.
4. Wanda jinsa ya ragu, a tura shi asibiti.

Shaidar da ba ta ji tambaya ba, ba ta ba da amsar gaskiya, gonar wani kuwa tana iya salwanta a kan haka.