Darasin Kwamfuta: Yadda Za Ka Yi wa Tsohuwar Na'ura Sabon Jere



Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, amma har yau akwai ɗalibin da sai ya je Zariya ranar jarrabawa yake fara taɓa linzami. Ga kuma tsofaffin kwamfutoci ajiye, an ce sun yi nauyi. Sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau, kayan da aka ɗora mata ne suka fi ƙarfinta. Kamfanin Microsoft ma ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025.

A nan Xfce yake da amfani. Shi ne fuskar da kake gani idan ka kunna kwamfuta mai tsarin Linux: tagogi, gumaka da sandar manhajoji. Wani Bafaranshe, Olivier Fourdan, ya fara shi a 1996. Kyauta ne, ba ya cin ƙwaƙwalwa da yawa, kuma kowa yana da izinin sauya shi. Ana samunsa a cikin Xubuntu da Linux Mint. Kamar ɗakin amarya ne, ginin yana nan, jeren kuwa sai yadda kake so.

Fara da rage nauyi. Shiga Settings, buɗe Window Manager Tweaks, ka kashe Compositor. Inuwa da ƙyalƙyalin tagogi za su tafi, na'urar ta samu sauƙi. A Session and Startup kuma cire manhajojin da suke tashi da kansu. Wanda ba ka san aikinsa ba, bar shi.

Sandar manhajoji tana komawa sama ko ƙasa. Ni dai na fi son ta a ƙasa, don wanda ya saba da Windows kada ya ruɗe.

Gyaran da ya fi damun ƙungiyarmu shi ne na haruffa. Wanda ya rubuta "manyan baki sun iso" alhali baƙi yake nufi, ya jawo wa allon nan dariya. Kafa daban, ƙafa daban. Shiga Keyboard, zaɓi Layout, cire alamar Use system defaults, danna Add. Nemo Hausa a ƙarƙashin Ingilishin Najeriya. Sai ka buɗe Mousepad ka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya har ka gano inda ƙ da ɗ da ɓ suke, ka rubuta a takarda ka manna a gefen allo. Kada ka goge tsarin Ingilishi, da shi za ka yi atisayen JAMB.

Kafin komai, nemi izinin malamin kwamfuta. A fara gwadawa daga filas, domin Linux yana tashi daga can ba tare da ya taɓa abin da ke cikin na'urar ba. Idan za a girka shi dindindin, a kwashe sakamakon jarrabawa da sauran takardun makaranta tukuna.